Indiyawa a Najeriya

Indiyawa a Najeriya al'umma ce ta mutanen da suka zo daga ƙasar Indiya suka zauna a Najeriya, tare da 'ya'yansu da jikokinsu da aka haifa a ƙasar. Gwamnatin Indiya ta ƙiyasta yawansu da kimanin mutum 60,000, wanda ya sa suka zama al'ummar Indiyawa mafi girma a Afirka ta Yamma. Mafi yawansu suna zaune ne a Legas, sai kuma Abuja da Kano da Kaduna da Fatakwal da Ibadan. An san su da riƙo da harsunansu da addinansu da abincinsu da bukukuwansu, duk da cewa wasu iyalan sun kai shekara ɗari a ƙasar. A arewacin Najeriya lamarin nasu ya ɗan bambanta da na sauran wurare, domin sun tarar da jama'ar da ta daɗe da sanin Indiya tana kuma sha'awar al'adunta ta hanyar finafinai.

Indiyawa a ƙasashen waje

Indiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan ƙasa mazauna waje. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 sun nuna cewa kusan mutum miliyan 18 da aka haifa a Indiya suna zaune a wasu ƙasashe. Idan aka haɗa da zuriyar waɗanda suka bar ƙasar tun da daɗewa, ma'aikatar harkokin wajen Indiya tana lissafa fiye da miliyan 30. Kuɗin da suke aikawa gida ya haura dala biliyan 100 a shekarar 2022.

Babbar ƙaura ta farko ta faru ne a zamanin mulkin mallaka. Bayan da Birtaniya ta haramta bauta a yankunan da take mulka, sai ta koma ɗibar leburori daga Indiya a kan kwantiragi domin noman rake. An kai su Mauritius daga 1834, Guyana daga 1838, Trinidad daga 1845, Natal ta Afirka ta Kudu daga 1860, sai Fiji daga 1879. An kuma kai wasu dubbai Afirka ta Gabas domin shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa Tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901. Afirka ta Yamma ba ta cikin wannan tsari. Saboda haka Indiyawan Najeriya ba zuriyar leburorin gona ba ne, yawancinsu kasuwanci ko aikin ƙwararru ne ya kawo su, kuma alaƙarsu da gida ba ta taɓa yankewa ba.

Tarihin zuwansu Najeriya

'Yan kasuwar Sindh

Waɗanda suka fara kafa gindi su ne 'yan kasuwa mabiya addinin Hindu daga birnin Hyderabad na lardin Sindh. Tun a ƙarni na 19 suke buɗe kantuna a tashoshin jiragen ruwa na duniya suna sayar da yadi da kayan ƙawa. Kamfanin K. Chellaram ya fara harka a Legas a 1923, iyalan Chanrai ma suka kafa nasu kasuwancin, daga nan kantunan suka bazu zuwa manyan garuruwa har da Kano. A farko maza ne kawai ke zuwa, su yi 'yan shekaru su koma gida.

Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta sauya wannan tsari. Lardin Sindh gaba ɗaya ya faɗa cikin Pakistan, mafi yawan 'yan Hindu na lardin kuma suka yi hijira zuwa Indiya, musamman Bombay da kewayenta. Da yake babu sauran garin asali da za a koma, 'yan kasuwa da dama suka ɗauko matansu da 'ya'yansu zuwa inda dukiyarsu take. Daga wannan lokaci ne aka fara samun iyalan Indiyawa zaunannu a Najeriya.

Malamai da likitoci da sojoji

Indiya ta buɗe ofishin jakadanci a Legas a watan Nuwamban 1958, shekara biyu kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, kuma Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya kawo ziyara a watan Satumban 1962. Lokacin da aka kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA a Kaduna a 1964, hafsan sojan Indiya ne, Birgediya M. R. Varma, ya fara shugabantarta. Olusegun Obasanjo da Muhammadu Buhari da Ibrahim Babangida duk sun yi kwas na soja a Indiya.

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita aka kuma faɗaɗa makarantu, gwamnatocin jihohin arewa sun ɗauko malamai masu yawa daga Indiya da Pakistan domin koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare da kwalejojin horar da malamai. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga kudancin Indiya, musamman jihar Kerala. An kuma ɗauko likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, darajar naira kuma ta faɗi bayan 1986, sai akasarinsu suka tafi.

Masana'antu

Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda aka ƙara tsaurarawa a 1977, ta keɓe ƙananan sana'o'i da cinikin kanti ga 'yan Najeriya. Wannan ya tura Indiyawa da dama zuwa kafa masana'antun yadi da robobi da magunguna da ƙarafa da abinci. An kafa kamfanin Olam a Najeriya a 1989 a ƙarƙashin rukunin Kewalram Chanrai, ya fara da fitar da ƙwallon kashu, daga baya ya mayar da hedikwatarsa Singafo. Rukunin Tolaram, na wani iyalin Sindh da ya fara kasuwanci a Indunusiya, shi ne ya yi haɗin gwiwa wajen yin taliyar Indomie a Najeriya, kuma akwai masana'antarta a Kaduna. Rukunin Dana ya sayi kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, rukunin Stallion yana da injin casar shinkafa a Kano, kamfanin Bharti Airtel kuma ya sayi layin Zain a 2010. A cewar gwamnatin Indiya, akwai kamfanoni fiye da 200 masu alaƙa da Indiyawa a Najeriya, da jarin da ya kai kimanin dala biliyan 27.

A Kano da ƙasar Haɗeja

Kano ce cibiyar Indiyawa a arewa. Yawancinsu suna aiki ne a rukunin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, a matsayin masu kamfani ko manajoji ko akantoci ko injiniyoyi, kuma suna zaune a unguwanni irin su Bompai da Nasarawa. Sun tarar da Kwarori, wato 'yan asalin Labanon da Siriya, waɗanda suka riga su kafuwa a Fagge da Kantin Kwari tun zamanin cinikin gyaɗa.

Haɗeja ba ta cikin garuruwan da Indiyawa suka taru da yawa, amma ta yi hulɗa da su ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce makaranta da asibiti. Kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991, masarautar Haɗeja tana cikin jihar Kano ne, kuma gwamnatin jihar tana rarraba malaman da ta ɗauko daga waje zuwa makarantun kwana na masarautunta. Shi ya sa dattawa da yawa a Jigawa da suka yi sakandare a wancan lokaci suka koyi lissafi ko kimiyya a hannun Ba'indiye.

Hanya ta biyu ita ce amfanin gona. Fadamar Kogin Haɗeja, wanda ke haɗuwa da Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe kafin su zuba a Tafkin Chadi, ta shahara da shinkafa da alkama da tattasai da kifi, tudun da ke kewaye kuma da riɗi da zoɓo da ƙaro. Kamfanoni masu alaƙa da Indiyawa suna cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya domin fitarwa waje, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi noma shi. Galibi ta hannun dillalai 'yan gari ake cinikin, a kasuwannin ƙauye, kafin a kwashe kayan zuwa Kano ko Legas.

Hanya ta uku ita ce kayan da ake amfani da su kullum. Baburan Bajaj da TVS da kekunan adaidaita sahu da ke jigilar mutane a Haɗeja da ƙauyukanta na kamfanonin Indiya ne, haka ma magunguna da yawa da ake sayarwa a kemis. Ga kuma finafinai, waɗanda suka isa ƙauyukan da Ba'indiye bai taɓa takawa ba.

Hanyoyin riƙo da al'ada

Harshe da makaranta

Indiyawan Najeriya ba harshe ɗaya suke yi ba. Akwai masu Sindhi da Gujarati da Hindi da Punjabi da Tamil da Telugu da Malayalam da Bengali. A wurin aiki Turanci suke yi, waɗanda suka daɗe a Kano kuma wasu suna jin Hausa ta ciniki, amma a gida iyaye suna ƙoƙarin yi wa yara harshen asali. A 1982 aka buɗe makarantar Indian Language School a unguwar Ilupeju ta Legas. Tana bin manhajar hukumar jarrabawa ta CBSE da ke New Delhi, ta yadda yaron da ya gama can zai iya shiga jami'ar Indiya kai tsaye. Iyalan da ke zaune nesa da Legas sukan tura 'ya'yansu makarantun kwana a Indiya, ko uwa ta koma gida da su idan sun isa sakandare.

Addini da bukukuwa

Mafi yawansu mabiya addinin Hindu ne, sai Musulmi da Kirista da mabiya Sikh da Jain. A Legas akwai wuraren ibada na Hindu da na Sikh, a sauran garuruwa kuwa sau da yawa a cikin gida ake ware ɗaki ko kusurwa domin ibada. Musulmin cikinsu suna sallah a masallatan gari tare da kowa, abin da ya sa suka fi saurin sabawa da jama'a a arewa.

Babban bikin da ke haɗa su shi ne Diwali, bikin fitilu, wanda ke faɗowa a watan Oktoba ko Nuwamba. A lokacinsa ana kunna fitilu, a yi ado, a raba kayan zaƙi, 'yan kasuwa kuma su buɗe sabbin littattafan lissafi. Akwai Holi a wajajen watan Maris, inda ake watsa wa juna garin launi. Kowane yanki kuma yana da nasa: Navratri ga mutanen Gujarat, Onam ga na Kerala, Pongal ga Tamilawa, Durga Puja ga na Bengal, Cheti Chand kuma ita ce sabuwar shekarar mutanen Sindh. Ranar 15 ga Agusta, ranar 'yancin kan Indiya, da ranar 26 ga Janairu, ranar jamhuriya, ana taruwa a ofishin jakadanci a ɗaga tuta.

Abinci da sutura

Da yawa daga cikin mabiya Hindu ba sa cin naman shanu saboda darajar da saniya take da ita a addininsu, wasu kuma, musamman mabiya Jain da wasu mutanen Gujarat, ba sa cin nama ko kaɗan. Wannan na cikin dalilan da suka sa suke dafa nasu a gida, kamfanoni da yawa kuma suke ajiye wa ma'aikatansu kuku da ya iya girkinsu. Abincinsu na yau da kullum shi ne shinkafa, da miyar dangin wake da suke kira dal, da wata siririyar gurasar alkama mai suna chapati. Maza suna sa kayan Turawa a wurin aiki, amma a biki sukan sa doguwar riga kurta, mata kuma su ɗaura sari ko su sa riga da wando da mayafi.

Aure da ƙungiyoyi

Aure shi ne ginshiƙin da ya fi riƙe al'ummar. Har yanzu iyaye suna da ta cewa wajen zaɓen miji ko mata, kuma an fi nema a cikin masu harshe ɗaya da addini ɗaya da matsayin dangi ɗaya, ko da za a ɗauko daga Mumbai ko Dubai ko Landan. Auratayya da 'yan Najeriya tana faruwa amma ba ta da yawa. Akwai kuma ƙungiyoyi na yanki da na sana'a, da babbar ƙungiyar al'adu ta Indian Cultural Association a Legas, masu shirya bukukuwa da wasan kurket da ayyukan jinƙai kamar aikin ido kyauta da ba da gudummawar jini.

Rawar gwamnatin Indiya

A zamanin Nehru, Indiya tana shawartar 'ya'yanta mazauna waje ne da su rungumi ƙasashen da suke zaune. Daga shekarun 1990, bayan da ta buɗe tattalin arzikinta, sai ta koma jawo su jiki. A 2003 aka fara bikin Pravasi Bharatiya Divas, wato ranar Indiyawa mazauna waje, a ranar 9 ga Janairu, domin tunawa da ranar da Mahatma Gandhi ya koma Indiya daga Afirka ta Kudu a 1915. A 2005 aka fito da katin OCI, wanda ke bai wa ɗan asalin Indiya mai fasfo na wata ƙasa damar shiga da zama da aiki a Indiya ba tare da neman biza ba. Ofishin jakadancin Indiya a Abuja yana shirya ranar motsa jiki ta yoga a ranar 21 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2014. Firayim Minista Manmohan Singh ya ziyarci Najeriya a 2007, Narendra Modi kuma ya zo a watan Nuwamban 2024, inda Shugaba Bola Tinubu ya ba shi lambar girmamawa ta GCON, ya kuma gana da Indiyawa mazauna ƙasar a Abuja.

Finafinan Indiya da Hausawa

Ba Indiyawa ne suka kawo finafinan Indiya arewa ba. Kwarori masu gidajen silima ne suka fara shigo da su a shekarun 1950, kuma nan da nan suka samu karɓuwa a silimomin Kano irin su Rex da Palace da Plaza da Marhaba. Fim ɗin Mother India na 1957 an yi shekaru da dama ana maimaita shi. Masanin ɗabi'ar ɗan Adam Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana cewa Hausawa sun ga kamanni tsakanin rayuwarsu da ta cikin finafinan, kamar kunya tsakanin mace da namiji, da biyayya ga iyaye, da auren dole, da suturar da ke rufe jiki. Ya kuma kawo laƙabin da 'yan kallo suka sa wa taurari: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Harshen finafinan ma yana da kalmomin da ya aro daga Larabci waɗanda Bahaushe ke ganewa, irin su duniya da zamani da asali da amana.

Tasirin ya shiga littattafan soyayya da finafinan Kannywood masu waƙa da rawa, har da wasu masu begen Annabi da ke ɗora baitocinsu a kan karin waƙoƙin Indiya. Tun farkon shekarun 2010 ake fassara finafinan zuwa Hausa, inda kamfanin Algaita na Kano ya yi fice. Wasu malamai da marubuta sun daɗe suna sukar wannan kwaikwayo, suna ganin yana gurɓata al'adar Bahaushe.

Daga baya hulɗar ta fara tafiya ta ɓangare biyu. A 2012 kamfanin ɗab'i na Blaft da ke Chennai ya buga fassarar Turanci ta littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Rahama Sadau ta fito a fim ɗin Khuda Haafiz kashi na biyu a 2022. Hamisha Daryani Ahuja, 'yar asalin Indiya da ta tashi a Najeriya, ta shirya fim ɗin Namaste Wahala, wanda ya hau Netflix a watan Fabrairun 2021, a kan soyayyar Ba'indiye da 'yar Najeriya da tirjiyar da iyayensu suka yi.

Ƙalubale

Babbar matsalar ita ce ta zama ɗan ƙasa. Dokar Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu ba, duk wanda ya karɓi na wata ƙasa ya rasa na Indiya. Katin OCI kuma ba ya ba da damar jefa ƙuri'a ko riƙe muƙamin siyasa ko sayen gona a Indiya. A ɓangaren Najeriya, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa sai idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa kuma sai ya shekara 15 a ƙasar. Saboda haka akwai waɗanda aka haifa a Legas ko Kano, suka girma a nan, amma suna zaune da katin izinin zama da ake sabuntawa. Korar da Idi Amin ya yi wa 'yan asalin Asiya daga Yuganda a 1972, inda ya ba su kwana 90 su fice, tana cikin abubuwan da suka sa Indiyawan Afirka da dama suke ajiye wani ɓangare na dukiyarsu da iyalansu a wata ƙasa.

Matsala ta biyu ita ce zaizayewar harshe. Ta fi shafar Sindhi, domin duk da cewa tsarin mulkin Indiya ya amince da shi tun 1967, babu jihar da yake harshenta a ƙasar. Matasa da yawa suna jin sa amma ba sa iya karanta shi, sun fi sakewa da Turanci da Hindi na finafinai.

Ta uku ita ce keɓewa. Abubuwan da ke kare al'adar, wato makaranta tasu da abinci nasu da aure a tsakaninsu, su ne kuma ke rage cuɗanya da maƙwabta. Bahaushen da ya haddace sunayen taurarin Indiya yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa shiga gidan Ba'indiye ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun sha kokawa kan ƙarancin albashi da ɗaukar ma'aikatan wucin gadi a wasu masana'antun baƙi, ciki har da na Indiyawa, yayin da masu kamfanonin ke nuni da yawan ayyukan yi da suka samar. Taɓarɓarewar tsaro a arewa daga 2009 da matsalar garkuwa da mutane sun ƙara sa wasu iyalai komawa Legas ko Indiya, mazan kaɗai suka rage a bakin aiki.

Kwatanci da Hausawa mazauna waje

Tsarin da Indiyawa ke bi ya yi kama da na Hausawa fatake a zangunan Kumasi da Accra, da unguwar Sabo ta Ibadan, da garuruwan Sudan da ke kan tsohuwar hanyar aikin Hajji. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo, ya nuna cewa riƙo da harshe da addini da sutura ya taimaka musu wajen gina amanar da cinikin goro da shanu ke buƙata tsakanin garuruwa masu nisa. Haka abin yake ga 'yan kasuwar Sindh, waɗanda bashi da ɗaukar ma'aikata da auratayya suke gudana a cikin dangi daga Legas zuwa Dubai da Hong Kong. A duka al'ummomin biyu, alfahari da asali yana tafiya ne tare da neman abinci, kuma dukansu suna fuskantar tambayar yadda jikokin da aka haifa a baƙuwar ƙasa za su ɗauki kansu.

Duba kuma

Dangantakar Najeriya da Indiya
Kwarori a Kano
Kannywood
Dausayin Haɗeja da Nguru
Zango